Tambaya da Amsa: Lord Denning, daga gina gada a bakin daga zuwa kujerar alƙalanci

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan mutum ɗaya, Alfred Thompson Denning, alƙalin Ingila da ɗaliban lauya suka fi sani da Lord Denning. An haife shi a 1899, ya rasu a 1999. Wasu na tambayar aikin sojansa, wasu kuma hukunce-hukuncensa. Mun taƙaita wasiƙun, mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna.

Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce Lord Denning hafsan soja ne kafin ya zama lauya. Da gaske ya je bakin daga, ko kaki kawai ya saka? Daga wata ɗalibar lauya, aji biyu.

Wa alaikumus salam, Malama. Ya je, kuma wuta ta sauka a kansa. Sai dai kada ki ɗauka babban kwamanda ne. Ƙaramin hafsa ne mai anini ɗaya a rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya, a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ɗan mai shagon yadi ne a garin Whitchurch da ke Hampshire. Ya shiga kwalejin Magdalen ta jami'ar Oxford a 1916 yana karatun lissafi. Da farko likitan soja ya ƙi shi, ya ce ya ji wani sauti a bugun zuciyarsa. Bai haƙura ba, ya nemi a sake duba shi, aka ɗauke shi a Agustan 1917, aka ba shi anini a Nuwamba. Da Jamusawa suka ɓarke da babban farmakinsu ranar 21 ga Maris 1918 suna neman kaiwa Amiens, sai aka tura shi Faransa, cikin kamfanin injiniyoyi na 151 da ke ƙarƙashin runduna ta 38, ta mutanen Wales.

Irin wannan kamfani yana da mutum 200 da 'yan kai, manjo ne ke riƙe da shi, kyaftin na mara masa baya, an raba shi sassa huɗu, kowane sashe a hannun ƙaramin hafsa irin Denning. Mutanen masu sana'a ne da aka ɗaura wa bindiga: kafintoci, magina, maƙera, masu aikin famfo, masu awon ƙasa. Yawancin aikinsu da dare ne. Su ke kafa waya mai ƙaya a gaban ramukan yaƙi, su haƙa maɓoya a ƙarƙashin ƙasa, su gyara hanyar da igwa ta farfasa, su jawo ruwan sha, su dasa nakiya a gindin gadar da ake gudun abokan gaba su hau.

Aikin da aka fi tuna Denning da shi shi ne gadar kogin Ancre, kusa da garin Albert, a Agustan 1918. Kogin ƙarami ne, amma ruwan igwa ya farfasa gaɓarsa, ya malala ya zama fadama, ga Jamusawa a tudun da ke tsallake suna hangen duk mai motsi. Hafsan da aka ba irin wannan aiki yakan fara da leƙen asiri cikin dare. Ya auna faɗin ruwan da igiya, ya soka sanda ya ji zurfi da taurin ƙasa, ya duba ƙarfin gudun ruwa, sannan ya duba hanyar da za a bi a iso bakin gadar, domin gada mai kyau ba ta da amfani idan keken igwa zai kafe a taɓo kafin ya kai gare ta. Daga nan sai a tsayar da nauyin da za ta ɗauka: sojan ƙasa a layi ɗaya ne, ko alfadarai da kaya, ko igwa da dawakinta. Inda ruwa ke da zurfi akan jera kwale-kwalen gada, tsakanin kowane biyu ƙafa 15, a ɗaure kowanne da anga. Inda ba zurfi, sai a kafa ƙafafun katako. A kansu ake shimfiɗa dogayen azara, a jera alluna a gicciye, a danne gefunan allunan da wani katakon a ɗaure tamau. Gadar ƙafa kuwa ko a kan gwangwanayen fetur da aka toshe bakinsu ana ɗora ta.

Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne. Ƙafar katako ɗaya ta nutse a laka fiye da 'yar'uwarta, gada ta karkace. Anga ta ja, kwale-kwale ya goce daga layi. Sojoji su cunkushe a tsakiya saboda tsoron harbi, nauyin ya taru wuri ɗaya. Ƙarar guduma kuma ita ke kiran bindiga mai jigida, shi ya sa ake yanke katako a baya, a zo da shi a shirye, a yi ɗauri da igiya maimakon ƙusa. Wanda ake tambaya idan gada ta karye da mutane a kai shi ne yaron nan ɗan shekara 19.

Rundunar ta ƙetare Ancre, ta ƙetare mashigin ruwan da ake kira Canal du Nord. Murar da ta game duniya a 1918 ta kwantar da Denning, ƙarshen yaƙin ya same shi a gadon asibiti. An sallame shi a Fabrairun 1919.

Gidansu ya biya yaƙin da tsada. Su biyar ne maza. Babban wansu Jack ya mutu a yaƙin Somme a Satumban 1916. Gordon, sojan ruwa da ya halarci gumurzun Jutland, tarin fuka ya kashe shi a 1918. Reginald ya ji mummunan rauni amma ya rayu har ya kai laftana janar, ƙaninsu Norman kuma ya zama babban hafsan sojan ruwa. Duk wanda zai karanta hukunce-hukuncen Denning a kan fanshon sojoji, ya riƙe wannan a ransa.

Yaya mai digirin lissafi ya zama lauya? Kuma hafsan da ya bar soja a Ingila yau, wace hanya zai bi? Daga wani malamin sakandare.

Malam, da ya koma Oxford lissafinsa ya ƙarasa, ya fita da daraja ta ɗaya a 1920. Ya koyar da lissafi a makarantar Winchester, aikin bai kwanta masa ba, ya koma Magdalen a Oktoban 1921. Cikin wata takwas ya zauna jarrabawar digirin shari'a, ya sake fita da daraja ta ɗaya. Kuɗin karatu ya fito ne daga tallafin Eldon, fam 100 a shekara. Ya zo na ɗaya a jarrabawar lauyoyi, ƙungiyar Lincoln's Inn ta rantsar da shi ranar 13 ga Yunin 1923.

Gudun ya tsaya nan. Shekarun farko na lauya mai tsayawa gaban kotu a Landan shekarun jira ne, domin ba ya karɓar aiki kai tsaye daga hannun jama'a, sai lauyan ofis ya aiko masa da takardun ƙara. Denning ya cike lokacin da ƙananan ƙararrakin kamfanin jirgin ƙasa da gyaran littattafan shari'a. Sai a 1938 ya zama Lauyan Sarki, wato muƙamin manyan lauyoyi, a 1944 ya zama alƙalin Babbar Kotu, yana da shekara 45. Wata shari'a daga zamanin lauyancinsa ta cancanci a sani, ta L'Estrange da Graucob a 1934. Wata mai gidan shayi ta sayi injin sayar da taba, ta sa hannu a takardar da ba ta karanta ba, injin ya ƙi aiki, a cikin ƙananan rubutun takardar kuma kamfanin ya wanke kansa daga kowane alhaki. Denning ne lauyan kamfanin, kuma ya ci: wanda ya sa hannu ya ɗaure kansa, ya karanta ko bai karanta ba. Da ya hau kujera, shekaru ya shafe yana rage wa wannan ƙa'ida kaifi. A 1956 har cewa ya yi akwai sharuɗɗan da sai an buga su da jan tawada, da jan hannu yana nuna su, kafin a ce an sanar da mutum.

Hafsan yau kuwa, idan ba shi da digirin shari'a sai ya yi kwas ɗin sauya fanni, shekara ɗaya. Ya shiga ɗaya daga ƙungiyoyin lauyoyi huɗu, wato Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple ko Middle Temple. Ya yi kwas ɗin aikin lauya, ya halarci zama goma na horon ƙungiyarsa, a rantsar da shi. Sannan almajiranci na wata 12 a hannun gogaggen lauya: wata shidan farko kallo da rubutu, wata shidan ƙarshe ya fara tsayawa gaban alƙali da kansa. A nan mutane suka fi maƙalewa, domin masu gama kwas sun ninka guraben almajirancin. Mai hankali yakan fara neman gurbin tun kafin ya zuba kuɗinsa a kwas. Wanda ya fi son aikin lauyan ofis, tun 2021 jarrabawa ce mai mataki biyu da shekara biyu na aikin koyo. Muƙamin soja ba ya rage wa kowa ko mataki ɗaya.

Ni tsohon soja ne. Na ji an ce wannan alƙali ya tsaya wa sojojin da aka hana fansho bayan yaƙi. Me ya yi takamaimai? Daga wani dattijo mai ritaya.

Baba, ranka ya daɗe. A ganinmu nan ne sojan da ke cikin Denning ya fi fitowa fili, kuma aiki ne da ya kamata a riƙa ambata fiye da yadda ake yi.

A farkon Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Birtaniya da aka sallama saboda ciwo shi ake ɗora wa nauyin tabbatar da cewa aikin soja ne ya jawo masa ciwon. Ka duba wahalar: mutum na fama da ciwon zuciya ko gyambon ciki ko taɓin hankali, takardun asibitinsa na hannun ma'aikatar da yake jayayya da ita, likitocin da za su yi bayani ma nata ne. Ƙungiyar tsoffin sojoji ta yi ta kuka da cewa wanda aka ga ya isa a kai shi yaƙi ya isa a ba shi fansho. A 1943 aka sauya doka ta fuska biyu. Aka kafa kotunan sauraron ƙorafin fansho, kowacce da mutum uku: lauya a matsayin shugaba, likita, da wanda ya taɓa aikin soja. Aka kuma rubuta cewa babu nauyin hujja a kan mai nema, kuma duk shakka mai ma'ana a warware ta a gefensa. Idan ba a rubuta ciwon ba ranar da likita ya duba mutum zai shiga soja, aka kuma sallame shi saboda ciwon, to ana ɗauka aikin ne sanadi har sai ma'aikata ta kawo hujjar akasin haka.

Doka ta sauya a takarda, hannun ma'aikata bai sauya ba. Kotunan suka ci gaba da karɓar ra'ayin likitocin ma'aikata kamar yankan wuƙa. A ƙarshen 1945 aka mayar da Denning sashen Babbar Kotu da ke sauraron manyan ƙararraki, aka kuma ba shi ɗaukaka ƙarar fansho, inda hukuncinsa a kan fassarar doka shi ne na ƙarshe. A shari'ar Starr ta 1946 ya tabbatar da cewa ministan fansho ne zai kawo hujja, ba soja ba. A shari'ar James ta 1947 ya buɗe ƙofa ga waɗanda lokacin ɗaukaka ƙararsu ya wuce, aka sake duba ƙararrakin da aka kora bisa tsohuwar fahimta.

Wadda ta fi shahara ita ce ta Miller, a 1947. Matar wani hafsa ce da ciwon dajin maƙogwaro ya kashe a 1944 yana bakin aiki. A nan Denning ya fayyace ma'aunin hujja biyu da har yau ake koyarwa. Tabbatarwa ba tare da shakka mai ma'ana ba, in ji shi, ba tana nufin kore kowane inuwar shakka ba. Idan hujja ta yi ƙarfi har abin da ya rage sai ɗan yiwuwar da za a ce "zai iya faruwa, amma da ƙyar ne ƙwarai", to an tabbatar. A ƙarar haƙƙi kuwa rinjaye ya wadatar: idan maganar mai ƙara ta fi kusa da gaskiya ya ci, idan sikeli ya tsaya daidai bai ci ba. Ma'aikatar fansho aka ɗora wa ma'auni mai tsanani, irin na shari'ar laifi. Amma a sani, matar ba ta ci ba. Shaidar likitoci ta nuna wannan ciwo ba ya da alaƙa da yanayin aikin soja, Denning kuma bai murɗe hujja don tausayi ba.

Tsarin ya wanzu ga duk ciwon da ya samo asali daga aikin da aka yi kafin 6 ga Afrilun 2005. Wanda ya nema cikin shekara bakwai da barin soja, nauyin hujja na kan gwamnati. Bayan shekara bakwai sai shi ya kawo shaida abin dogaro da za ta haifar da shakka mai ma'ana. Ana auna nakasa da kashi cikin ɗari: daga kashi 20 zuwa sama fansho ne mai ɗorewa, ƙasa da haka kuɗi ne a dunƙule sau ɗaya. Takardu uku ke yanke yawancin ƙararrakin: rahoton likita na ranar shiga, bayanan jinya na lokacin aiki, da rahoton ranar sallama. Inda sojoji suka fi cutar kansu shi ne jurewa. Mutum ya ji ciwo ya ƙi zuwa asibitin bariki don kada a ce rago ne, bayan shekara 15 gwiwa ta ƙi, a buɗe fayil a tarar babu ko layi ɗaya.

Kullum ana ce mana High Trees, High Trees. Don Allah a warware mini ita da lissafinta. Daga wani ɗalibi mai shirin jarrabawa.

Wannan shari'a ma yaƙi ne ya haife ta. A 1937 kamfanin Central London Property Trust ya ba kamfanin High Trees House hayar wani dogon bene mai gidaje da yawa a kudancin Landan, na shekara 99, a kan fam 2,500 a shekara. Yaƙi ya zo, mutane suka watse daga Landan, gidaje suka zama wayam. A Janairun 1940 mai gida ya rubuta cewa ya rage haya zuwa fam 1,250. Bai sa wa'adi ba, ba a kuma ba shi komai a madadin ragin ba. Zuwa farkon 1945 gidajen sun sake cika. Wanda masu bin kamfanin mai gida bashi suka naɗa ya riƙe harkokinsa ya kai ƙarar gwaji yana neman cikon hayar wata shidan ƙarshe na 1945. Bambancin shekara fam 1,250 ne, rabinsa 625, shi ne abin da aka nema.

Tsohuwar ƙa'ida, tun shari'ar Foakes da Beer ta 1884, ta ce alkawarin yafe wani ɓangare na bashi ba ya ɗaure mai bin bashi idan ba a ba shi wani abu a madadi ba. A Yulin 1946 Denning ya ba mai gida fam 625 ɗinsa, domin ragin na yanayin yaƙi ne, ya ƙare da cikar gidajen. Sannan ya ƙara da cewa da mai gida ya nemi cikon shekarun 1940 zuwa 1945, da bai samu ba, domin ya yi alkawarin da ya san za a yi aiki da shi, kuma an yi. Ya jingina wannan da wata shari'ar 1877 da aka kusa mantawa da ita, ta Hughes da kamfanin jirgin ƙasa na Metropolitan.

Kurakuran ɗalibai uku ne. Na farko, su rubuta cewa ɗan haya ya ci. Bai ci ba, mai gida ne ya ci, maganar da ta shahara kuma bayanin gefe ce wadda hukuncin bai rataya a kanta ba, manyan kotuna ne suka ƙarfafa ta daga baya. Na biyu, su ɗauka kowane alkawari ana iya kai ƙara a kansa. A shari'ar Combe ta 1951 wani miji ya yi wa matar da suka rabu alkawarin fam 100 a shekara, bai biya ba, ta kai ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara da Denning a cikinta ta kore ta: ƙa'idar ta kare kai ce, ba a kafa sabuwar ƙara da ita. Na uku, su manta da sharaɗin tsabtar hannu. A shari'ar magina D da C da Rees ta 1965, magina na bin fam 482, matar mai gida ta san suna bakin karyewa, ta ce ko su karɓi 300 ko su tashi a tutar babu. Suka karɓa, suka dawo neman ciko, Denning ya ba su, domin alkawarin da aka tatsa da matsi ba ya kare wanda ya tatse shi.

A jarrabawa ka nemi abu huɗu: akwai yarjejeniya a tsakaninsu tun farko, an yi alkawari bayyananne na sassauta haƙƙi, ɗaya ɓangaren ya yi aiki da shi, kuma janyewa zai zama zalunci. Ka kuma faɗi cewa yawanci haƙƙin dakatar da shi ake yi, yana dawowa idan yanayi ya sauya ko aka ba da sanarwa mai isasshen lokaci.

A kotu kullum muna jawo maganarsa ta shari'ar MacFoy, cewa ba a ɗora abu a kan babu a sa ran ya tsaya. Wani babban lauya ya ce mini yawancinmu ba mu karanta shari'ar ba. Me yake nufi? Daga wani sabon lauya.

Barista, babban naka ya yi gaskiya, kuma gara da ka tambaya. Shari'ar daga Saliyo ta taso, ta kai Kwamitin Shari'a na Majalisar Sarauniya a Landan, wanda a lokacin shi ne kotun ƙarshe ga ƙasashen da Ingila ta mallaka. Denning ya karanta hukuncin a Nuwamban 1961. Kamfanin United Africa na bin MacFoy kuɗin kaya, sama da fam 5,000. Kamfanin ya miƙa takardar bayanin ƙararsa a 1958 cikin dogon hutun kotu, lokacin da ƙa'ida ta hana miƙa irin wannan takarda sai da izini. MacFoy bai shigar da kariya ba, aka yanke hukunci a bayansa. Ya nemi a janye hukuncin bisa wasu dalilai, bai ce uffan a kan hutu ba. Sai a wajen ɗaukaka ƙara ya tuno, ya ce takardar ɓatacciya ce, duk abin da aka gina a kanta ya rushe.

Denning ya yarda cewa abin da yake ɓatacce tun asali ba ya gyaruwa, ba ya ma buƙatar umarnin kotu kafin ya faɗi, kuma duk abin da aka ɗora a kansa zai rushe. Wannan ce jimlar da kuke jawowa. Amma ya ci gaba: akwai aikin da aibi kawai gare shi, yana nan da ƙarfinsa har sai kotu ta soke shi, sokewar kuma tana hannun alƙali. Ya ba da ma'aunin bambancewa. A ƙaddara ɗaya ɓangaren ya ga aibin ya yafe, ko ya ci gaba da shari'a bayan ya sani. Shin adalci zai bar shi ya dawo yana kuka da aibin? Idan ba zai bar shi ba, to aibi ne kawai. Da MacFoy ya shigar da kariyarsa, ba wanda zai ce shari'ar ba ta wanzu ba. Saboda haka takardar ba ɓatacciya ba ce, MacFoy ya faɗi.

Lauyan da ya jawo MacFoy don ya rusa ƙara a kan ɗan kuskuren tsari yana jawo shari'ar da aka yanke a kan mai irin hujjarsa. Abin da za ka ɗauka na aiki shi ne lokaci. Ka ga aibi a takardar abokin shari'a, ka tayar da shi nan take, kafin ka shigar da wata takarda ko ka nemi ɗagawa, ka kuma nuna cutarwar da ya yi wa wanda kake karewa. Denning kansa ya tsani a kashe ƙara saboda tsari. A shari'ar Pritchard ta 1963 wata gwauruwa ta rasa damar neman rabonta daga dukiyar mijinta don lauyoyinta sun fitar da sammaci a rajistar gunduma maimakon babban ofishin Landan. Alƙalai biyu suka ce ɓatacce ne, Denning ya saɓa musu shi kaɗai. A 1964 aka gyara ƙa'idojin kotun Ingila suka bi bayansa, kuskuren tsari ya koma aibin da ake iya gyarawa.

Na karanta cewa ya sauko daga kotun ƙoli ya koma ta ƙasa da ita da son ransa. Me ya sa? Daga wata ma'aikaciyar kotu.

Haka ne, Hajiya. Ya shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1948, aka ɗaga shi zuwa Majalisar Lords a 1957, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin. A 1962 ya karɓi muƙamin Master of the Rolls, shugaban ɓangaren ƙararrakin haƙƙi na Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya riƙe shi shekara 20. Lissafi ne mai sauƙi. A sama alƙalai biyar ke zama, sai ka jawo biyu. A ƙasa uku ne, mutum ɗaya ya ishe ka. Ƙararraki kaɗan ne ke kaiwa sama, saboda haka maganar Kotun Ɗaukaka Ƙara ita ce ta ƙarshe ga yawancin mutane, shugaban kuma yana da ta cewa a rabon ƙararraki. Daga wannan kujera ya ƙarfafa umarnin daskarar da dukiyar wanda ake ƙara don kada ya gudu da ita, a shari'ar Mareva ta 1975. Lords sun sha taka masa birki, musamman a shari'ar Davis da Johnson ta 1978, inda suka jaddada cewa kotunsa a ɗaure take da hukunce-hukuncenta na baya.

Ana yabonsa da yawa. Ba shi da inda ya yi kuskure ne? Daga wani mai bibiyar shafin.

Yana da shi, Malam, kuma babba ne. Ranar 21 ga Nuwamban 1974 bama-bamai suka tashi a mashaya biyu a Birmingham, mutum 21 suka mutu. Aka kama mutum shida 'yan asalin Ailan ta Arewa, aka yi musu ɗaurin rai da rai a 1975. Sun dage cewa duka aka yi musu har wasunsu suka sa hannu a takardar amsa laifi, suka kai 'yan sanda ƙara. A Janairun 1980 Denning ya hana ƙarar ci gaba. Ta fuskar doka yana da madogara, domin alƙalin shari'ar laifin ya riga ya saurari zancen dukan ya ƙi shi, Lords ma sun tabbatar da korar ƙarar. Abin da ba ya wankuwa shi ne dalilin da ya ƙara da bakinsa: wai idan mutanen suka ci, ma'anarsa 'yan sanda sun yi rantsuwar ƙarya, sun yi duka, an ɗaure marasa laifi, wannan kuwa abu ne mai munin da duk mai hankali zai ce kada a bar ƙarar ta ci gaba. Alƙali ba ya rufe ƙofar bincike don yana tsoron abin da za a tarar a ciki. Abin da ya ji tsoro shi ne ya tabbata. Ranar 14 ga Maris 1991 aka soke hukuncin mutanen shida, bayan shekara 16 a kurkuku.

A fahimtarmu wannan da tsayuwarsa ga sojoji tushensu ɗaya. Mutum ne da ya taso yana ganin mai kaki a matsayin wanda ya ba da ransa don ƙasa. Da mai kakin ya zo yana neman fansho, wannan kallon ya amfane shi. Da mai kakin ya zama wanda ake tuhuma, kallon ya hana alƙalin ganin mutanen da ke gabansa.

Saukarsa ma ba ta zo da daɗi ba. Dokar ritayar alƙalai a shekara 75 ta 1959 ba ta hau kansa ba, tunda an naɗa shi kafin ta, ya zauna har ya kai 83. A 1982 ya fitar da littafi inda ya nuna shakku a kan cancantar wasu baƙaƙen fata su zauna cikin masu taya alƙali yanke hukunci, ya kawo misali da shari'ar tarzomar Bristol. Biyu daga cikin waɗanda suka zauna a shari'ar suka yi barazanar kai shi ƙarar ɓata suna. Aka janye littafin daga kasuwa, ya ba da haƙuri, ya sanar da ajiye aiki, ya sauka a ƙarshen Satumban shekarar. Ya koma Whitchurch, garin haihuwarsa, ya rasu ranar 5 ga Maris 1999, makonni shida bayan ya cika shekara 100.